Yadda Na Saki Igiyar Tunau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ɗaga sama ya rataye girgije babu turke babu igiya, ya halicci mai haƙa, ya halicci mai ja, ya kuma halicci irina masu zaƙin baki. Ku matso ku ji labarin tafiyata, ni Arzika ɗan Nomau, mutumin Kwarin Gamji, wanda ya taka ƙasashe uku da ƙafarsa, ya dawo gida kai cike da ilmi, ciki cike da kunya. Matafiya kan ba da labari don a jinjina musu. Nawa ba na jinjina ba ne, amma tsufa ya zo, gara ku ji shi daga bakina.

Sana'ata riƙon igiya. Abokin aikina Tunau, mahaƙin rijiya, ya girme ni da shekara biyar, shi ya sa nake ce masa Yaya. Aikin rijiya na mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Na ƙasa in ya girgiza igiya sau ɗaya, a ja kwandon ƙasa. In ya girgiza sau uku, to shi za a fitar, kuma da gaggawa. Na sama kuwa dokarsa ɗaya ce tak: ba ya sakin igiya, ba ya barin bakin rijiya, ko da gidansa ke cin wuta, har sai na ƙasa ya fito. Ranar da muka fara aiki tare na dafa igiya na rantse wa Tunau a kan wannan, kuma shekara ashirin da biyu ban taɓa karya rantsuwar ba.

Sai fari ya sauka a Kwarin Gamji shekara uku a jere, rijiyoyinmu suka ƙafe. Gari ya yarda a haƙa babbar rijiya guda, amma tun ba a ɗaga dagi ba rigima ta tashi a kan wa zai mallake ta. Masu hali suka ce su za su ɗauki nauyin aiki, rijiya ta zama tasu, mai son ruwa ya saya. Wasu suka ce a'a, hukumar gari ta riƙe ta, ta riƙa rabawa. Wasu kuma suka ce ruwa ba shi da ubangida sai Allah, a bar ta a buɗe. Da dattawa suka ga abin zai kai ga sanda, suka ce gani ya kori ji, a tura mutum biyu su gano yadda sauran duniya ke zama da ruwansu. Aka zaɓi Tunau don ya san ruwa, aka haɗa shi da ni don Tunau in ya yi magana goma a yini to ya cika surutu.

Muka tashi da dagi da kwando da igiyarmu mai gaba sittin. Muka haye Kogin Rairayi, wanda yashi ne ke gudu a cikinsa maimakon ruwa, ana ƙetare shi a cikin ƙoƙon bayan kunkuru mai ɗaukar mutum goma. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke tattaki suna bin rana, in ka kwanta a inuwa ka farka a fili. Bayan wata biyu muka hango ganuwar Birnin Sayau tana ɗaukar ido.

A ƙofar gari aka sayar mana da izinin shiga, sannan aka nemi ladan inuwar da muka tsaya a ciki muna jira.

Na ce wa mai gadin, "Haba malam, har inuwa?"

Ya ce, "Bishiyar tana da mai ita. Shi ya dasa, shi ya yi ban ruwa shekara goma. Ko kai ka taya shi?"

Na biya. Tsarin Sayau ke nan, wanda masana ke kira jari-hujja: abin da ka mallaka naka ne, ka juya shi yadda ka ga dama, riba taka, asara taka. Kuma kada in yi musu ƙarya, ban taɓa ganin rijiyoyi irin nasu ba. Sun fi dubu, kowane mai rijiya na neman ya fi maƙwabcinsa. Wani ya ƙera keken ƙarfe da iska ke juyawa yana ɗebo ruwa shi kaɗai, wani yana sanyaya nasa a randunan dutse, wani yana kai wa mutane har gida. Tunau ya yini gaban keken nan baki buɗe. Amma kowace rijiya da murfi, kowane murfi da kwaɗo. A bayan kasuwa muka tarar da wata tsohuwa tsugune bakin kwata tana tace ruwan da gefen zanenta. Tunau ya sauke salkarmu ya ba ta duka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kwaɗunan nake kallo ina tunanin mai sayar da su ya more.

Ba a yi kwana uku ba labarin Tunau ya kai kunnen Gagarau, attajirin da ya fi kowa rijiyoyi a birnin. Ya ɗauke mu aiki, kuma da yake ni ne mai baki, ni na yi ciniki. Abin da Gagarau ya ba ni daban, abin da na faɗa wa Tunau daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yana can ƙasa yana fama da marmara, ni ina sama jakata na kumbura.

A nan na fara sakin igiya. Wata rana da hantsi Tunau na gaba ashirin a ƙasa, sai ga manzon wani attajiri ya tsaya a inuwa yana yafito ni, wai ubangidansa zai fi Gagarau biya. Tsakanina da shi taku goma ne. Na ce a raina taku goma ba barin bakin rijiya ba ne. Na ɗaure igiya a turke na je, muka yi magana, na dawo da sauri. Igiya ko motsi ba ta yi ba. Da ma a ce a ranar wani abu kaɗan ya faru ya tsorata ni, amma babu abin da ya faru, sai zuciyata ta koyi cewa ana saki kuma sama ba ta faɗowa.

Gagarau ya ji ana zawarcin mahaƙinsa, sai ya saye ƙofofin birnin duka huɗu. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mu 'yan aike ne, garinmu na jiranmu."

Ya yi dariya ya ce, "Ni ban hana kowa fita ba. Ƙofa tawa ce, ni ke sa mata farashi. Mahaƙin rijiya in zai fita, ya ajiye zinariya daidai nauyinsa."

Da na kai wa Tunau wannan magana ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce, "Ƙofa ya saya. Ƙarƙashin ƙasa fa, ya saya?"

Daga ranar ya daina haƙa ƙasa ya koma haƙa gefe, ni kuma ina gaya wa Gagarau wata jijiyar ruwa muke bi wadda za ta shayar da rabin birni. Kwana ashirin da uku ana haka. Ran na ashirin da huɗu da rana tsaka na ce wa masu gadin da Gagarau ya sa mana Tunau na kirana in ga idon ruwa, na sauka da jakata, muka zare igiyarmu, muka bi ramin da rarrafe. A tsakiya ramin ya ƙuntata, jakata ta maƙale. Na ja, na tura, ta ƙi. Tunau ya waiwayo da fitila ya dubi jakar, ya dubi tasa 'yar ƙullin da ke ɗaure a ƙugunsa. Ya juya ya ci gaba da rarrafe. Na bar jakar a nan na bi shi, muka ɓullo a tsakiyar wata gonar kankana bayan ganuwa, ina ta karkaɗe riga don kada mu haɗa ido.

Daga nan muka ratsa filin da ƙasarsa ke numfashi, tana hawa tana sauka kamar cikin saniya mai barci, har muka isa Ƙasar Rabau. A can babu kwaɗo a kan rijiya. Majalisa ce, wadda jama'a ke zaɓa duk shekara uku, ke riƙe da rijiyoyi da rumbuna da gidan magani. Gidanka da awakinka da 'yar rumfarka ta kasuwa kuwa naka ne. Wannan shi ake kira gurguzu. Kowane rai tulu biyu a yini, mai hali da matalauci, kuma tsofaffi ake fara ɗebar wa. Ranar na ga Tunau ya yi murmushi, abin da ban gani ba tun barinmu gida.

Sai dai rijiyoyin tara ne kacal a birni guda, mutane na tsaye a layi tun hantsi har azahar. Tunau ya zaga gari, ya ga wani dogon suri a kudu da ciyawa kore a gindinsa, ya ce wa magatakardan majalisa, "A nan ruwa yake. Gaba goma sha biyar, in ban same shi ba a aske mini gemu."

Magatakarda ya ce, "Bana rabon unguwar arewa ne."

"Arewa ai dutse ne zalla."

"Na sani, Malam Tunau, a can aka haife ni. Amma majalisa ta riga ta buga hatimi, kuma in aka tsallake su za su ce an yi son kai."

Kwana arba'in Tunau na saran dutse a arewa, ko danshi bai gani ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ni fa? Ni ban yi asara ba. Bakina ya kai ni gaban majalisa, aka naɗa ni Shugaban Masu Igiya, aka ba ni riga mai jan wuya da kujera da hatimi, da mutum goma sha biyu a ƙarƙashina suna karɓa-karɓa. Wata la'asar aka jawo Tunau, ya fito ya ga baƙuwar fuska riƙe da igiyarsa. Ya tako har inda nake zaune, ƙurar dutse ta mai da shi fari fat.

Ya ce, "Arzika, wane ne wancan?"

Na ce, "Yaya, a nan haka tsarin yake. Mutumin kirki ne, majalisa ta tantance shi."

Ya ce, "Tsari bai rantse mini ba. Kai ka rantse."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tuɓe rigar a gabansa, na sake dafa igiya na ce ba zan ƙara ba, kuma wallahi a lokacin har zuciyata nake nufi. Muka yanke mu kama hanya, amma barin Rabau na bukatar hatimi bakwai da jiran shekara, sai na rubuta takarda cewa majalisa ta aiki mutum biyu su gano inda girgije ke fitowa, na buga nawa hatimin sau bakwai, ina juya shi kowane bugu. Mai tsaron iyaka ya karanta, ya miƙe ya yi mana fatan alheri.

Ƙasa ta uku ita ce Tudun Namu, tsauni ne miƙaƙƙe kamar bango, samansa shimfiɗaɗɗe. Ba a hawansa da ƙafa. Wasu shamuwoyi ne masu girman raƙumi ke ɗaukar mutane a cikin kwando su kai su sama. Da muka sauka ba wanda ya tambaye mu izini ko takarda. Wata mata mai suna Tasalla, wadda sandar magana ta taron gari ke hannunta a wannan watan, ta kai mu inda ake cin abinci ta ce mu zauna. Makaho da gurgu da ƙaƙƙarfan manomi akushi ɗaya suke sa hannu. Babu kasuwa, babu kuɗi, babu sarki, babu majalisa. Kowa ya yi aikin da zai iya, ya ɗauki abin da yake bukata, abin da masana ke kira kwaminisanci.

Washegari na tashi ban ga takalmana ba. Na same su a ƙafar wani mutum zai tafi gona. Ya ce, "Ɗan'uwa, kai barci kake, ni tafiya zan yi." Na kai ƙara wurin Tasalla, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Baƙo, riƙe wannan ka huta. A Tudun Namu abin da hannu ke kansa na mai hannun ne har ya gama. Abin da babu hannu a kansa na mai bukata ne."

Da kunnena na ji wannan magana, ku shaida. Zamansu da daɗi, ban ga mai kwana da yunwa ba, ban ga mai harara ba. Amma rufin babban rumbunsu shekara uku yana yoyo, kowa na zaton wani zai gyara. Kuma komai ƙanƙantar magana, ko yankan rago ne, sai an buga ganga an taru a gindin kuka an tattauna har kowa ya yarda. Rijiya kuwa ba su da ko ɗaya, ruwan sama suke tarawa a tafki, in rani ya yi tsawo su sha wuya. Da suka ji sana'ar Tunau suka yi murna, shi ma ya kama aiki da zuciya ɗaya, don a nan ba mai sa kwaɗo, ba mai nuna masa dutse.

Na ɗauka a ƙasar da babu kuɗi babu muƙami halina ba zai sami abin ci ba. Ashe akwai. Mutanen nan ba su taɓa sauka daga tsauninsu ba, in na buɗe baki ina ba da labarin Sayau da Rabau sai wuri ya yi tsit, tsofaffi na gyaɗa kai, mata na tafa hannu. Yabo ya fi zinariya shiga kai, ga shi ba ya maƙalewa a rami.

Ranar da abin ya faru Tunau na gaba arba'in a ƙasa. Tun safe ya ce mini ƙasa ta fara sanyi, ruwa ya kusa. Da hantsi aka buga ganga, za a tattauna yadda za a yi da rijiya in ta samu. Wani ya zo wucewa ya ce, "Ɗan'uwa Arzika, ai kai ake jira. Kai ka ga yadda wasu ke yi." Na dubi igiya, na dubi gindin kuka inda jama'a ke ta taruwa. Na ce a raina Tunau yanzu ya aiko da kwando, kafin ya cika wani na je na dawo. Na ɗaure igiya a turke.

Aka miƙa mini sandar magana. Na kwaikwayi tafiyar Gagarau aka yi dariya, na kwaikwayi muryar magatakarda aka faɗi ƙasa. Na yi bayanin amfanin kowane tsari da illarsa, tiryan-tiryan kamar malami. Rana ta take tsaka ina magana, ta karkata ina magana.

Ga abin da ya faru a bayana, kamar yadda na ji daga baya. Wani dattijo, Baba Cindo, san noma ya zame masa cikin kwazazzabo. Ya zo neman abin da zai jawo shi, ya ga doguwar igiya ɗaure a turke babu hannu a kanta. Ya jawo ta, ya zubar da ƙasar kwandon, ya naɗe ta ya tafi. Bai yi sata ba, dokar garinsu ya bi, kuma bai san aikin rijiya ba balle ya san da mutum a ciki. Tunau ya ga kwando ya hau, ya ɗauka ni ne, ya ci gaba da sara yana jiran ya dawo. Sara uku ya yi idon ruwa ya fashe. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ya miƙa hannu zai girgiza igiya sau uku, babu igiya. Ya yi ta kiran sunana, amma duk garin na gindin kuka suna sauraron mai sunan. Ruwan ya jiƙa bango, wani dutse ya ɓalle ya danne masa hannun hagu, ya tsaya a haka ruwa iya wuya.

Sai la'asar na dawo ina ta murmushi ni kaɗai. Na ga turke babu igiya. Na leƙa na kira, na ji wani nishi daga can ƙasa wanda har yau in na tuna shi abinci ba ya shiga. Na kurma ihu.

Abin da mutanen Tudun Namu suka yi ba zan manta ba. Ba wanda ya tambayi nawa za a biya, ba wanda ya nemi hatimi. Maza suka warware rawuna, mata suka kwance ɗankwali da majanyi, aka ƙulla su wuri ɗaya kafin a ce kwabo. Tasalla, da yake ta fi kowa rashin nauyi, ta ɗaura a ƙugu aka zura ta. Ta ture dutsen, ta ɗaure Tunau, mutum ɗari suka ja. Ya fito jiki ya yi sanyi ƙalau, yatsu uku na hannun hagunsa sun niƙe, daga baya sai da aka cire su.

Bayan kwana bakwai aka buga ganga don abin da suke kira rabon laifi. Al'adarsu ce: tunda komai na kowa ne, laifi ma na kowa ne. In ɓarna ta auku sai a ɗauko dutse daga inda ta auku, a farfasa shi daidai yawan mutanen gari, kowa ya riƙe nasa a tafin hannu yini guda, shi ke nan an wuce wurin. Aka fito da dutsen da ya danne Tunau aka ajiye a tsakiya. Shi kuma aka shimfiɗa masa tabarma a gefe, hannu a naɗe.

Baba Cindo ya tashi yana hawaye ya ce, "'Yan'uwa, kada a fasa. Ni na ɗauke igiya, a ba ni shi ɗungurungum."

Tasalla ta ce, "Zauna, Baba. Igiyar da ba hannu a kanta ka ɗauka, haka muka koya maka. Shi ma baƙo mu muka kira shi, mu muka zauna muna saurare. Ba mai laifi shi kaɗai a Tudun Namu." Sannan ta ɗaga sandar magana ta ce, "Akwai mai abin faɗa kafin a fasa?"

Su ba su san dokar igiya ba, ba su san da rantsuwa ba. Mutum biyu ne kaɗai a wurin suka sani, ɗaya na kwance a tabarma yana kallona. Sandar na nan a ɗage, taku uku tsakanina da ita. Ni da na riƙe ta rabin yini ina zuba, na sunkuyar da kai ina wasa da yatsan ƙafa a cikin ƙasa. Tasalla ta sake tambaya, ta sauke sandar. Aka kawo guduma aka fasa dutsen, aka bi layi ana rabawa. Nawa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, daidai da na makahon da ke zaune kusa da ni, daidai da na Tasalla da ta shiga rijiyar. Har Tunau aka sa wa nasa a hannun dama, ya karɓa. Na yini riƙe da tsakuwar nan, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba.

Da hannunsa ya warke shamuwa ta sauke mu, muka kamo hanyar gida da igiyarmu, wadda Baba Cindo ya wanke ya dawo da ita. Wata uku muna tafe. Tunau bai zage ni ba, bai yi mini gori ba. In ya sami abinci ya raba biyu, in na yi tuntuɓe ya ce sannu. Sau da yawa na buɗe baki zan roƙe shi gafara, sai in ji na ɓuge da maganar hanya ko ta zafin rana. Har na fara gaya wa kaina ya huce.

A Kwarin Gamji aka tarbe mu da kiɗa. Dattawa suka zauna, na tsaya na zayyana musu komai: yadda Sayau ke da ruwa da yawa amma ba kowa ke sha ba, yadda Rabau kowa ke sha amma a makare, yadda Tudun Namu ba mai hana wani amma ba mai amsa laifi. Na faɗi komai ban da abu ɗaya. Da aka tambayi Tunau yatsunsa ya ce dutse ne kawai ya faɗo. Aka kwana uku ana muhawara, aka tsaya a kan rijiya ta gari ce, guga na mai shi ne, a kuma naɗa mutum ɗaya da za a riƙa tuhuma in ta lalace. Ko sun yi daidai ko ba su yi ba, wannan sai ku tambayi masu shan ruwanta.

Ranar fara haƙa duk gari ya fito. Aka yi addu'a, Tunau ya sara ƙasa, aka yi ta aiki har ramin ya wuce tsayin mutum, lokacin igiya ya yi. Ya ɗaura bakinta a ƙugunsa da hannu ɗaya da rabi. Na matso kamar yadda na saba shekara ashirin da biyu, na naɗe hannun riga, na miƙa hannuwana biyu. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya ratsa jama'a har inda wani kurma mai suna Jatau ke tsaye, mai saƙar tabarma, wanda bai taɓa aikin rijiya ba. Ya damƙa masa igiyar, ya girgiza ta sau ɗaya ya nuna kwando, ya girgiza sau uku ya nuna ƙirjinsa. Jatau ya gyaɗa kai, ya kafa ƙafafunsa a bakin ramin.

Mutane suka fara gunaguni. Wani dattijo ya ce, "Haba Tunau, ga Arzika tsaye ka ba kurma? In ka yi kira ta yaya zai ji ka?"

Tunau ya ce, "Ba zai ji ni ba, Baba. Amma in wasu suka kira shi, su ma ba zai ji ba."

Ya juya ya sauka. Duk idon gari ya dawo kaina, ina tsaye hannuwa a miƙe, ban ma san ban sauke su ba.